Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu sharhin fina-finai na Amurka da Ingila, kan yadda kuka karɓi The Idea of You

Ranku ya daɗe masu sharhi, ina gaisuwa.

Da Hausa na rubuta wasiƙar nan duk da nasan da wuya wani cikinku ya karanta ta, dalili kuwa maganarku tana zuwa mana har nan inda muke. Kafin mutum ya ƙona datarsa akan fim na kusan awa biyu sai ya fara leƙawa yaga me kuka ce, kashi nawa aka bashi a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhinku, taurari nawa jarida kaza ta bashi, daga nan kuma masu yi mana sharhi da Hausa a YouTube da TikTok su ɗauko su juya mana. Abinda kuka nuna da yatsa shi ake kalla, abinda kuka tsallake mu ma sai a tsallake mana shi. To tunda haka ne inada haƙƙin kawo ƙorafi, kuma inaso 'yan uwana masu kallo su ji shi.

Fim ɗin da nake magana akai shine The Idea of You, wanda Michael Showalter ya bada umarni, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na SXSW a garin Austin na Amurka cikin watan Maris 2024, sannan Amazon suka sake shi a Prime Video ranar 2 ga Mayu. Anne Hathaway ta fito a matsayin Solène, mace mai shekara 40, aurenta ya mutu, tanada 'ya budurwa 'yar 16 mai suna Izzy, tanada shagon sayar da zane-zane a unguwar Silver Lake a Los Angeles. Nicholas Galitzine shine Hayes Campbell, ɗan shekara 24, mawaƙi a wata ƙungiyar samari da duniya ke haukacewa a kansu. Tsohon mijinta ne yayi alƙawarin kai yarinyar da ƙawayenta bikin waƙa na Coachella, a ƙurarren lokaci yace aiki ya taso, dole uwar ta fasa hutun da ta shirya wa kanta ta kaisu, a can ta shiga motar da mawaƙin yake hutawa tana zaton banɗaki ne. Daga nan labari ya tashi.

Bari in fara da baku haƙƙinku, baku yi wa fim ɗin kisan gilla ba. Yawancinku kun yaba, kusan kashi 80 cikin 100 na sharhin da aka tattara sunce ya yi, kunce Hathaway ta riƙe fim ɗin, kunce ita da yaron sun dace a gaban kyamara, wasunku sunce ƙarshensa ya ja jiki kuma dariyar ciki bata kai a kira shi fim ɗin barkwanci ba, duk na yarda da wannan. Amazon ma sunce kusan mutum miliyan 50 suka kalla a sati biyun farko. Ba rashin yabo ne damuwata ba. Damuwata itace inda kuka zuba yawancin tawadarku, mai yabo da mai kushe duk wuri ɗaya kuka taru, 40 da 24, 40 da 24, kanun labari shekaru, sakin layin farko shekaru, hira da jaruma shekaru, kamar dai fim ɗin lissafi aka baku ku duba. Ragowar tawadar kuma ta tafi wajen tambayar wai shin Hayes ɗinnan Harry Styles ne ko ba shi bane, tunda shima ya fito daga ƙungiyar samari ta Ingila kuma ya taɓa soyayya da Olivia Wilde wadda ta girme shi da shekara 10. Alhali littafin da aka ɗauko labarin daga ciki Robinne Lee ta fitar dashi tun 2017, shekaru kafin waccan soyayyar, kuma ita kanta marubuciyar sai da ta fito a mujallar Time tana nuna rashin jin daɗinta da yadda aka mayar da aikinta kamar mafarkin wata masoyiyar mawaƙi. Mace ta zauna ta rubuta littafi akan yadda duniya ke daina ganin mace idan ta kai wasu shekaru, ku kuma kuka daina ganin marubuciyar kuka tafi neman wane saurayi ne a bayan labule. Wallahi wannan ya min ciwo.

Ni da idon Bahaushiya na kalli fim ɗinnan, kuma abinda na gani labarin bazawara ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wurin da Solène take bawa Hayes labarin yadda aurenta ya mutu, suna zaune a gidanta. Mijin nata Daniel yana neman wata a wurin aikinsa wadda bata kai ta shekaru ba, Eva, kuma abokan zamansu duk sun sani ita kaɗai ce bata sani ba, sai a wurin wata liyafa da aka ambaci sunan kowa yayi tsit ta gane. Abinda yafi ƙona mata rai ma ba cin amanar bane, ita ce tace ta yafe a cigaba da zama saboda 'yarsu, shi kuma yace baya so. Duk macen da ta taɓa zama kusa da wadda aka saka tasan wannan kallon da Hathaway tayi a wurin, kallon wadda ta sauke girman kanta ƙasa kuma aka tsallake shi aka wuce. Nan ne zuciyar fim ɗin. Daniel ya tafi ya tare da matashiyarsa a katafaren gida, ba wanda ya ɗauki hotonsa, ba wanda ya zage shi a intanet, 'yarsa bata sha tsangwama a makaranta saboda shi ba. Ranar da hotunan Solène da Hayes suka fita kuwa duniya ta taso mata, aka kira ta da duk sunan da ake kiran mace idan anaso a karya ta, masu ɗaukar hoto suka yi sansani a ƙofar gidanta, kuma shi wannan Daniel ɗin shine ya zo yana mata faɗa akan tarbiyyar yarinya. A ƙarshe ita ta haƙura da farin cikinta saboda Izzy ta samu ta yi karatu cikin kwanciyar hankali. Wasunku sun taɓo wannan, ban ce babu ba, amma layi biyu ne uku sai a koma kan ko fatar fuskar jarumar ta nuna 40 ko bata nuna ba.

Ku duba ma wurin bikin cikarta 40, yadda aka jero mata mazan da jama'a ke ganin sune daidai da ita, kowanne yazo da labarin tsohuwar matarsa da gajiyarsa. An yi wurin don dariya amma ni ban yi dariya sosai ba don nasan abin. A wajenmu idan mace ta kai 40 aurenta ya mutu, an riga an yanke mata irin mijin da zata samu, dattijo mai mata biyu ko uku, ko wanda matarsa ta rasu yake neman mai riƙe masa yara, kuma ana so ta gode. A Kano har gwamnati ke shirya auren zawarawa tun 2012 saboda yawan matan da ke zaune, abin ba ƙarami bane. Amma bari saurayi ɗan 28 yace yana son bazawara 'yar 38, ranar zaka ji uwarsa da yayyensa mata sunce asiri ta yi masa, ko ace kuɗinta yake so, ko ace ta rasa kunya zata auri ɗan cikinta, ba wanda zai tsaya ya ce ƙila dai hankalinta da kirkinta ya gani. Alhaji mai 60 kuwa ya ɗauko 'yar 20 sai dai a ce Allah ya sanya alheri a ci shinkafa a watse. Ban kawo wannan don in ce mu da ku ɗaya bane, rayuwarmu daban dokokinmu daban, na kawo ne don ku gane dalilin da yasa mace a Kaduna ko Zinder zata kalli wata Ba'amurkiya mai shagon zane ta ji kamar yayarta ake nunawa.

Kuma kar wani cikin 'yan uwana ya karanta wannan yace ina tallata abinda ke cikin fim ɗin gaba ɗaya. A'a. Soyayya ce ba aure, akwai wuraren da na tura gaba ban kalla ba, kuma ba fim bane da zan kunna a falo da yara. Wanda yace bazai kalla ba saboda wannan na fahimce shi ɗari bisa ɗari. Amma mu rarrabe, abin ƙi a ciki shine rashin aure da tsiraici, ba wai don ta girme shi ba. A addinina mace ta girmi mijinta ba aibi bane ko kaɗan, Nana Khadija Allah ya ƙara mata yarda ta girmi Manzon Allah (SAW), ruwayar da tafi shahara tace tana 40 yana 25, kuma ta taɓa aure kafin shi. Allah ya tsare ni da haɗa wannan gida mai tsarki da wani fim, ba abinda nake yi kenan ba. Ina tunawa kaina da mutanena ne cewa ƙyamar da muke nunawa ba daga littafi muka samo ta ba, al'ada ce da son kai.

To mu dawo kanku. Tambayar da nakeso ku amsa, ina wannan lissafin naku yake a duk shekarun da namiji ne babba? Richard Gere ya girmi Julia Roberts da shekara 18 a Pretty Woman na 1990, har yau ana sa shi cikin manyan fina-finan soyayya. Jack Nicholson ya girmi Helen Hunt da shekara 26 a As Good as It Gets na 1997, su biyun duka aka basu Oscar. Sean Connery da Catherine Zeta-Jones a Entrapment na 1999, shekara 39 ne tsakaninsu. Nasan an ɗan yi gunaguni akan wannan na ƙarshen, amma ba wanda ya mayar da shi abin mamakin shekara. A 2015 jaruma Maggie Gyllenhaal ta faɗa da bakinta cewa tana 37 aka ce mata ta tsufa da fitowa a matsayin masoyiyar namiji ɗan 55. Wannan masana'antar kuke yi wa sharhi, kun san ta fiye dani. Mu nan da muka tashi da fina-finan Indiya ma haka ne, Cheeni Kum na 2007 Amitabh Bachchan yana 64 a labarin, jaruma Tabu tana 34, har ya girmi uban yarinyar, muka kalla muka yi dariya muka ce fim yayi daɗi, ba wanda ya kira shi tsoho marar kunya. Tsakanin Solène da Hayes shekara 16 ne kacal, bai ma kai na Pretty Woman ba.

Wani abin da yafi ɗaure min kai, inda ya kamata ku tsaya ku ƙirga shekaru da gaske can ne kuka fi sassauci. Licorice Pizza na Paul Thomas Anderson da ya fito a 2021, yaron cikin labarin shekararsa 15, macen 25. Yaro ne fa, ɗan makaranta. Masu kallo ne suka yi ta ƙorafi a intanet, ku kuwa yawancinku kuka ɗaga shi sama, har ya shiga takarar Oscar ta fim mafi kyau. Ban ce fim ɗin bashida fasaha ba, amma idan ana maganar wa ke da iko akan wa, wa za'a iya cuta, to can ne maganar take da gindi. Hayes kuwa baligi ne mai shekara 24, yafi Solène kuɗi nesa ba kusa ba, ranar da yazo shagonta duk kayan ciki ya saye, jirgi yake hawa na kansu, miliyoyin mutane ke bayansa waɗanda zasu iya tarwatsa rayuwarta cikin dare ɗaya kuma sun yi. Idan akwai mai rauni a wannan alaƙar to ita ce. Na so ace wani cikinku ya zauna ya warware wannan da kyau, shekaru a gefenta, kuɗi da suna da jama'a a gefensa, waye babba kenan?

Sannan ku masu yabon ma inada magana daku, don wasunku sun kira fim ɗin jarumta, ni kuma ina ganin ya ji tsoro a wurare da yawa kuma baku matsa masa ba. A littafin Solène 39 take Hayes 20, tazarar shekara 19 kenan, fim ya ɗaga shi zuwa 24 ya rage tazarar zuwa 16, sannan aka ɗauko jarumai waɗanda a zahiri shekara 12 ne tsakaninsu, Hathaway 1982 Galitzine 1994, lokacin da fim ya fito yana 29. Kullum ana ragewa ana ragewa don kar mai kallo ya ji wani iri. A littafin 'yar tata 12 take kuma ita kanta tana mutuwar son mawaƙin, hotonsa ne a ɗakinta, kunga kuwa nan akwai ciwo na gaske tsakanin uwa da 'ya, fim ya mayar da ita 'yar 16 wadda ta riga ta wuce yayin ƙungiyar, ta yi fushi na ɗan lokaci ta sauko ta zama mai bawa uwarta ƙwarin gwiwa. A littafin rabuwa suka yi, rabuwa ta har abada, don marubuciyar tanaso ta nuna cewa uwa takan biya farashin da ba'a dawo mata dashi. Fim yace a jira shekara biyar, Izzy ta girma, sai gashi ya shigo shagon ana kallon juna da hawaye. Nima naji daɗin ganin hakan a lokacin, zuciya ce, amma da na kwana na tashi sai naga an ɗauke wa labarin nauyinsa. Kuma shi Hayes an rubuta shi kamar ba ɗan adam ba, baya fushi na rashin hankali, baya ƙuruciya, ɗan 24 da duniya ke bautawa amma haƙurinsa yafi na dattijo, ko sau ɗaya bamu ga ranar da tazarar ta fito a cikin ɗaki tsakaninsu su biyu ba, misali maganar haihuwa, shi watarana zai so yara ita kuma ta wuce wannan babin ko tana gab da wucewa. Wannan itace tambayar da duk macen da ta girmi mijinta take kwana da ita, fim ɗin ya gudu ya bar ta. Da kun kama shi a nan da nace kun yi aiki.

Haka kuma maganar kyau. Anne Hathaway mace ce da in ba'a faɗa maka ba bazaka ce ta kai 40 ba, kuma fim ɗin ya jingina da wannan sosai, akwai wurin da take jin kunyar jikinta a bakin wurin wanka cikin 'yan mata a kudancin Faransa, an yi wurin da kyau ta kuma taka shi da kyau, amma mai kallo yana gani yasan ba abinda zata ɓoye. Saƙon da ke fita ba tare da an faɗa ba shine mace 'yar 40 ta cancanci so matuƙar tayi kama da 'yar 30. Ina matan da haihuwa huɗu ta canza musu jiki, ina masu furfura? Su ba'a yi fim ɗinsu ba tukuna, kuma ku ne ya kamata ku riƙa tambaya har a yi.

Bayan wata biyu ba cika ba Netflix suka saki A Family Affair a ƙarshen Yuni 2024, Nicole Kidman da Zac Efron, shekara 20 tsakaninsu, wannan kam kun kushe shi, ƙasa da rabinku ne suka ce ya yi, kuma gaskiyarku ne fim ɗin bai yi ba, labarin ba gishiri, su biyun kamar baƙi a tasha. Amma maimakon a ce wannan rubutunsa ne yayi rauni wancan kuma yafi shi, sai aka zuba su a kwando ɗaya harda Lonely Planet na Laura Dern da Babygirl da suka biyo baya, aka ce wai yayi ne, shekarar manyan mata da ƙananan samari. Fim huɗu a shekara ɗaya sun zama yayi, ɗaruruwan da aka yi na tsofaffin maza da 'yan mata tun zamanin tsofaffin jarumai Humphrey Bogart da Audrey Hepburn su sunansu fim kawai. Matan cikin fina-finan nan huɗu ba abinda ya haɗa su, ɗaya sakakkiya ce, ɗaya mijinta ya rasu, ɗaya marubuciya ce da ta tafi Maroko neman nutsuwa, ɗaya tana da aurenta ma kuma fim ɗinta ba na barkwanci bane sam. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya shekarunsu kawai ya gani.

Abinda nake roƙo ba mai yawa bane. Idan irin wannan fim ya sake zuwa gabanku, kuma zai zo, ku faɗi shekarun sau ɗaya a layin da kuke bada labari ku wuce, kamar yadda kuke yi idan namiji ne babba. Ku gaya mana ko an rubuta matar kamar mutum, tanada aiki da ƙawaye da tsoro da abinda take so banda saurayin, ku gaya mana ko yaron mutum ne ko hoto, ko dariyar ta fito, ko 'ya'yan cikin labarin an basu haƙƙinsu na yin fushi. Idan akwai yaro ƙarami a alaƙar ko wanda ake juya shi da kuɗi ko muƙami to ku ɗaga murya ko waye darakta, ko mace ce babbar ko namiji. Idan zaku yi hira da jarumar ku tambaye ta aikinta. Kuma editocinku su ƙara bawa mata masu shekaru irin na Solène dama su rubuta sharhin, waɗanda suka san mutuwar aure da renon 'ya budurwa su kaɗai, don na tabbata da irinsu suka fi yawa a cikinku da wurin labarin Daniel da Eva ne zai zama kanun sharhi.

Ku kuma 'yan uwana masu yi mana sharhi da Hausa, dan Allah ku riƙa kallon fim da kanku kafin ku ɗauko abinda aka rubuta a can, kuma idan zaku yi magana akan irin wannan ku tuna cikin masu sauraronku akwai zawarawa da yawa, suna jin duk kalmar da kuka zaɓa.

Na gode da lokacinku.

Taku,
wata mai kallon fina-finai daga Kaduna